Kafin a Ba da Auduga, a Tambayi Abin Riƙe Ta: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 



Da farko ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi ni ilmi da iya magana a cikin wannan zaure. Ranar da sakatariyarmu ta bugo mini waya, cewa ta yi tun da na shafe shekara 35 ina aikin jinya da karɓar haihuwa kafin in yi ritaya, ana so in yi magana a kan lafiyar mata. Na ce mata lafiyar mata ai kogi ce, ba a ƙetare ta cikin minti talatin, sai dai in ɗebo kaɗan a moɗa. Ta ce, "To Yaya, me za ki ɗauka?" Na ce, "Kamfai." Sai na ji shiru, har na zaci irin katsewar layin nan ce ta wajenmu. Can sai ta ce, "Yaya, kin san fa malamanmu maza za su zo?" Na ce na sani, kuma har da su na zaɓi maganar.

Saboda haka iyayenmu malamai, ku gafarce ni. Ku ne kuka koya mana cewa rashin sani ya fi dare duhu. Littafin Ahalari da yawancinmu muka karanta tun muna ƙanana yana da fasali sukutum a kan haila, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce a tsallake shi don kunya ba. Maganata a taƙaice ita ce, a 'yan shekarun nan masu hali da ƙungiyoyi suna ta raba wa 'yan mata audugar mata, Allah ya saka musu, amma an manta da abin da zai riƙe audugar a jiki. Wannan ɗan abin da aka manta kuwa, ya isa ya raba yarinya da makaranta. Na ga haka da idona har sau biyu.

Ranar da igiya ta tsinke

Ni mutuniyar Kurawa ce ta ƙasar Sabon Birnin Gobir. A 1979 aka kawo ni wannan makaranta da akwatin ƙarfe da bokiti da ƙullin ƙuli-ƙuli. Can ƙasan akwatin akwai wani ƙulli da kakata ta saka, ta ce kada in buɗe sai ranar da na ga abin da ban saba gani ba, ranar zan gane amfaninsa. Da ranar ta zo na buɗe, sai na tarar da tsohon zane an yanka shi gida huɗu, da 'yar igiya. Iyakar darasin da aka yi mini ke nan, kuma na san da yawa a cikinku ko wannan ba su samu ba.

Gadona yana kusa da na wata yarinya daga wani ƙauye na ƙasar Isa. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yan ajinmu sun san ta. Duk ajin babu mai kama ƙafarta a lissafi. Muna aji biyu, wata rana da hantsi, Malam ya rubuta aiki a allo ya ce wa za ta fito. Ta ɗaga hannu kamar yadda ta saba. Ta yi nisa da aiki, ta yi ɗage don ta kai saman allo, sai igiyar da ta ɗaura a ƙugu ta tsinke, ƙunzugunta ya faɗo ƙasa a gabanmu duka. Aji ya ɗauki dariya. Jama'a, yau fiye da shekara 40, zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a taro ba: ni ma na yi dariyar, ni da muke cin abinci a kwano ɗaya da ita.

Malam, Allah ya saka masa da alheri, ya kau da kai wajen taga, ya ce kowa ya fita, ya aika a kira uwar ɗakin kwananmu, kuma bai taɓa tayar da maganar ba. To amma yaro yaro ne. Aka laƙaba mata suna. Ta daina ɗaga hannu, ta koma bencin baya, in watan ya zagayo sai ta kwanta ta ce zazzaɓi take yi. Da aka tafi dogon hutu ba ta dawo ba, sai muka ji an yi mata aure.

Bayan shekaru masu yawa, ina aiki a wani asibiti na yankinmu, aka kawo ta haihuwa ta bakwai. Da ta sauka lafiya muka zauna, na nemi gafararta. Ta yi murmushi ta ce, "Ke dai bari, 'yar uwa. Kowa cewa shikai arme ya fidda ni makaranta. Baba bai matsa mini ba, ni nic ce ba ni komawa. Igiya ta ta tsinke." Wannan magana ba ta bar zuciyata ba har yau.

Ƙunzugu da tarihinsa

Idan muka duba da kyau, za mu ga iyayenmu sun fahimci abin da mu 'yan boko muka manta. Ƙunzugu abu biyu ne: akwai tsumman da ke tsotse jini, akwai kuma abin da ke riƙe shi, wato igiya ko jigidar da ake soke bakinsa gaba da baya. In ɗaya ya gaza, ɗayan ba shi da amfani. Malamanmu na addini ma za su tuna da labarin Hamnatu 'yar Jahshi, wadda ta kai kukan yawan zubar jini ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya yi mata nuni da auduga, da ta ce abin ya fi ƙarfin haka, sai ya umurce ta da ta ɗaure da ƙyalle. Ka ga an haɗa abin tsotsewa da abin riƙewa, kuma ba a kore ta don ta yi tambaya ba.

A ƙasashen Turawa ma haka abin ya faro. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ma'aikatan jinya mata suka lura cewa wani abin ɗaure rauni da ake yi da ɓargon itace ya fi auduga tsotse jini, sai suka riƙa amfani da shi don buƙatar kansu. Daga nan kamfanin Kimberly-Clark na Amurka ya fito da Kotex a farkon shekarun 1920. To amma wannan auduga ba ta da danƙo. Ɗamara ce ake ɗaurawa a ƙugu, a maƙala audugar gaba da baya da ƙugiya ko fil, daidai da yadda kakata ta yi da igiyarta. Wata baƙar fatar Amurka mai suna Mary Kenner ta ƙirƙiro ingantacciyar ɗamara, ta sami takardar mallakar fasaharta a 1956, kuma ta ba da labarin cewa kamfanin da ya nuna sha'awar saye ya janye da ya gano baƙar fata ce. Mu da muka fara aikin asibiti a shekarun 1980 mun tarar da doguwar audugar masu haihuwa mai hannuwa biyu, wadda ake ɗaurewa da bandeji a ƙugu.

Daga 1969 zuwa farkon shekarun 1970 aka fito da auduga mai danƙo a baya, irin su Stayfree, sannan Always ta biyo baya a 1983. Mata suka huta da ɗamara. Sai dai a nan ne gizo yake saƙar, domin aikin da ɗamara take yi bai ɓace ba, kamfai aka ɗora wa. Wanda ya ƙera auduga mai danƙo ya ɗauka cewa duk macen da za ta saya tana da kamfai mai kyau wanda ya kama jikinta. A garinsu haka ne. A Kurawa fa?

Abin da na gani a Sabon Birni

Ba sai na gaya muku halin da ƙasarmu ta shiga ba. A ranar 27 ga Mayu, 2020, 'yan bindiga suka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da wasu ƙauyuka na Sabon Birni, suka kashe mutum fiye da 70. Abin baƙin ciki, washegarin ranar, wato 28 ga Mayu, ita ce ranar da duniya ta keɓe tun 2014 don tsabtar al'adar mata. A watan Disamba na 2021 aka ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, kuma ya rasu a hannunsu. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Dubban mutanenmu sun ƙetara Jamhuriyar Nijar, wajen Gidan Rumji a Jihar Maraɗi, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wasu kuma suka taru a cikin garin Sabon Birni da Isa, a gidajen 'yan uwa da kangaye da azuzuwan makaranta.

A wannan lokaci wasu bayin Allah daga Sakkwato suka haɗa kuɗi suka sayi katan-katan na audugar mata, suka roƙe ni in raba tun da ni ma'aikaciyar lafiya ce kuma 'yar gida. Na raba, aka yi ta godiya da sa albarka, na koma gida ina jin na yi abin kirki. Bayan mako biyu na sake zagayawa, sai na ga ƙunshin nan a rataye a bango ko buɗe shi ba a yi ba. Na ga wasu a teburin mai shago, an sayar an sayi gari. Raina ya ɓaci, na fara faɗa, ina cewa mutanenmu ba su san abin arziki ba. Sai wata yarinya da ba ta wuce shekara 14 ba ta ja ni gefe, ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, a mi za ni liƙa ta? Da zanen da ke jikina nig gudo."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara 30 da wani abu ina aikin nan, amma sai da 'yar cikina ta koya mini. Gaskiyar Bahaushe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda ta fito da tsakar dare tana goye da ƙaninta ba ta tsaya ɗaukar kamfai ba. Iyayenta mata kuwa, da yawansu ba su saba da shi ba tun asali, ɗan tofi suke sawa ƙarƙashin zane. Wadda take da shi ma, sau da yawa guda ɗaya ne na gwanjo, na roba, bakinsa ya saki, tsakiyarsa siririya. A zafin bazara irin namu, da ma'auni kan haura 40, gumi kan kashe danƙon audugar, ta naɗe ko ta zame gefe tun kafin a tashi tara. Nan take na tuna da ƙawata a gaban allo. Ashe igiyar nan har yanzu tsinkewa take yi, kamanninta ne kawai suka sake.

Ga kuma tsada. Gaskiya ne dokar kuɗi ta 2019, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2020, ta cire harajin VAT daga audugar mata da ake yi a cikin gida. Amma bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, komai ya tashi. A Disamban 2023 kamfanin da ke yin Always ya ba da sanarwar daina ƙera kaya a Nijeriya, a 2024 kuma mai yin Kotex ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas. Uban da ya rasa gonarsa da shanunsa, in ya sami Naira dubu, gero zai auna. Wasu ƙasashe sun ɗauki abin da muhimmanci: Kenya ta cire haraji tun 2004, a 2017 ta yi dokar raba auduga kyauta a makarantun gwamnati, Sikotlan kuma ta yi dokar bayar da ita kyauta ga duk mai buƙata a 2020. Kafin irin wannan ta iso gare mu, ba za mu naɗe hannu ba.

Yadda ake ɗinka shi

Da na bincika sai na tarar wasu sun riga mu gane wannan. Jakar da asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya yake raba wa mata a wuraren rikici tana ɗauke da kamfai tare da auduga da sabulu. Ƙungiyar Days for Girls, wadda aka kafa a 2008, ita ma tana haɗa kamfai a jakarta. Wata mai zanen kayayyaki 'yar Kolombiya, Diana Sierra, da ta ga halin 'yan mata a Yuganda, sai ta yanka yadin laima da gidan sauro ta ɗinka aljihun da za a cusa kowane irin tsumma mai tsabta a ciki, daga baya ta kafa kamfanin Be Girl mai yin kamfai mai aljihu. Na ce a raina, laima da gidan sauro ai ba su fi ƙarfin Gobirawa ba.

Na sami wata baiwar Allah mai takaba, tela ce a ƙauyensu, ta tsira da kan kekenta. Muka aro ƙafar keke muka zauna. Ba zan ɓoye muku ba, mun yi ɓarnar yadi. Na farko mun sa leda a tsakiya, sai ga shi tana ƙara in ana tafiya, tana kuma kawo ƙuraje saboda zafi. Na biyu mun sa maɓalli, yaran suka ce yana cin jiki in an zauna a benci. Na uku aljihun ya yi gajere ta baya, ana tashi barci a tarar da zane ya ɓaci. Su yaran ne alƙalanmu, duk abin da suka ƙi sai mu warware. Ga abin da muka tsaya a kai, kuma na zo da samfuri yana wurin sakatariya ga mai son gani.

Na ɗaya, a yi shi da yadin auduga, domin yana shan gumi, iska kuma tana ratsa shi. Launinsa ya zama mai duhu, baƙi ko shuɗi ko ruwan ƙasa. Na biyu, tsakiyarsa ta zama mai faɗi, ta taso sosai ta gaba, ta fi tasowa ta baya saboda kwanciya. Na uku, a tsakanin yadi biyu na tsakiyar a shimfiɗa yadin laima, wanda ba ya barin ruwa ya wuce kuma ba ya ƙara, amma kada ya taɓa fata. Na huɗu, a ɗinka madauri biyu a gicciye, ɗaya gaba ɗaya baya, a riƙa zura bakin audugar ko naɗaɗɗen tsumma a ƙarƙashinsu. Da haka ko da danƙo ko ba danƙo, abin ba ya motsi, ko yarinya ta yi gudu. Na biyar, a sa roba a cinya, a ƙugu kuma a haɗa roba da zariya, domin roba tana mutuwa da wanki, amma zariya tana nan. Amfanin wannan ɗinki shi ne ba ya zaɓe: ran da aka sami audugar kanti a sa, ran da babu a naɗe tsumma mai tsabta a sa.

Su tsummokaran kuwa, mukan yanka su murabba'i daga yadi mai laushi mai launi, a kalmashe bakinsu, a naɗe gida uku lokacin sawa. In an shanya su sai ka ce hankici, ba mai sanin ko mene ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kunyar shanya ita ce babbar matsala.

Wanki, shanya da alamun haɗari

A nan zan sa hular aikina. A canja auduga ko tsumma duk bayan awa 4 zuwa 6, kada a wuni da guda. A fara jiƙa shi a ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama jini a yadi, sannan a wanke da sabulu a ɗauraye sosai. A shanya a rana ya bushe ƙarau, in da hali a goge. Mu da muke cusa namu a ƙarƙashin katifa da danshinsa saboda kada a gani, mun san ƙaiƙayi da warin da muka sha. Kada mutum biyu su yi tarayya a tsumma ɗaya, ko da uwa da 'ya ne.

Al'ada takan zo duk bayan kwana 21 zuwa 35, ta yi kwana 2 zuwa 7. Idan jini ya wuce mako, ko yana jiƙe auduga duk awa ɗaya, ko yana zuwa da manyan gudaji, ko yarinya tana jiri da haki, idonta ya yi fari, to wannan ba maganar kamfai ba ce, a kai ta asibiti. Haka nan macen da ta daina al'ada ta sake ganin jini, irin shekarunmu ke nan, kada ta zauna tana jiƙe-jiƙe.

Ba 'yan makaranta kaɗai ke buƙatar wannan ɗinki ba. Mai jego tana buƙatarsa har ta yi arba'in. Tsofaffinmu da fitsari ke kufce musu suna buƙata. Sai kuma masu yoyon fitsari, waɗanda doguwar naƙuda ta yi wa rauni, waɗanda na ga yadda ake gudunsu saboda zarni. Su kam maganinsu aiki ne, kuma ana yi a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana yi tun shekarun 1980. Amma kafin layi ya zo kan mace, abin da zai riƙe mata tsumma ya bar ta ta shiga mota cikin mutane, shi ma jinƙai ne.

Roƙona ga ƙungiya

'Yan uwa, mu yi lissafi tun da malaminmu yana zaune. In yarinya tana fashin kwana 4 a wata, a wata 9 na karatu ta rasa kwana 36. A shekara 6 na sakandare, kwana 216 ke nan, wato fiye da karatun shekara guda. Sannan mu zo muna mamakin sakamakon jarrabawa.

Wannan ƙungiya ta gyara azuzuwa, ta sayi littattafai, ta haƙa rijiya. Bana ina roƙon abubuwa huɗu.

Na farko, mu ɗauki nauyin jaka 200 a matsayin somin taɓi, rabi ga 'yan aji ɗaya na makarantarmu, rabi ga 'yan matan da ke gudun hijira a Sabon Birni da Isa. Kowace jaka ta ƙunshi kamfai 3, tsumma 8, sabulu, da 'yar jakar da za a sa wanda aka cire. Uku ne saboda ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a ajiye. Kowane rukunin shekara ya faɗi adadin da zai ɗauka kafin mu tashi, mu 'yan 1984 mun ɗauki 30.

Na biyu, kada a kai ɗinkin wani gari. A ba matan da suka rasa mazajensu, su ɗinka a biya su, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Na uku, kada a raba jaka ba tare da bayani ba, kada kuma a tara yara a fili ana ɗaukar su hoto da kamfai a hannu. A nan muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su zo birni duka ba. Ta naɗa jajis, dattawan mata amintattu, ta ba su malfa, su ke kai ilmi ga 'yan taru a garuruwansu. Masana tarihi ma sun ce wannan malfa daga kayan sarautar Innar Gobir aka aro ta, don haka mu Gobirawa muna da gado a ciki. Kowace ɗayanmu da ta yi ritaya, malama ce ko ma'aikaciyar jinya, ta zama jaji a unguwarsu, ta zauna da yara goma a ɗaki, a rufe ƙofa, a yi magana.

Na huɗu, ga shugabar makaranta. A sa ƙyaure mai sakata a ban-ɗakin yara, a ajiye ruwa a ciki, a keɓe igiyar shanya a inda rana ke bugawa kuma ido ba ya kaiwa. A ajiye 'yan kamfai da siket na ko-ta-kwana wurin uwar ɗakin kwana, yadda in tsautsayi ya faɗa wa yarinya, cikin minti goma ta koma aji.

Ku kuma iyayenmu maza, da mazajenmu da za su karanta wannan a mujalla, an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma aljihun na ɗa namiji ne. In za ku yi wa yarinya sayayyar komawa makaranta, ku ba uwarta wani abu ku ce na buƙatar mata ne, ba sai ta roƙa ba. Malami kuma in yarinya ta nemi izinin fita, ko ta ƙi tashi daga benci, kada ya tsananta tambaya.

Kammalawa

Kafin in zo nan sai da na je na nemi izinin ƙawata a kan in ba da labarinta. Ita ma rikicin ya raba ta da ƙauyensu, tana zaune cikin garin Isa da jikokinta. Ku sani ita ce ke yi mana lissafin yadi a wannan aiki. In an kawo bandir, kallo ɗaya za ta yi masa ta faɗi kamfai nawa zai fitar da abin da zai rage, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Ta ce in gaida Malam, ta kuma ce in gaida 'yan aji duka, ta yafe wa kowa. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini. Ta ce, "Ki gaya musu su sa zariya mai ƙwari."

To na gaya muku. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne, inda na yi kuskure ko na wuce gona da iri a gaban iyayena, a yafe mini. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Sabon Birni da Isa da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa. Allah ya raya mana zuriya, ya maimaita mana na baɗi da rai da lafiya, ya kai kowa gida lafiya.